Ɓarawon Ragon Yaya Barakatu

Kalilu ya ƙame a tsakar gida, ya buga ƙafa, ya sara wa turmi. Sannan ya juya ga kaji ya umarce su da su tsaya cak. Zakaran ya dube shi da ido ɗaya, ya ci gaba da tonon ƙasa.

Tun shekarar da aka yi wa ma'aikata rabon kuɗin Udoji yake wannan atisaye. A lokacin ne wani Sufeto ya zo Daura daga Kaduna ɗaukar kuratan 'yan sanda. Tsayi dai Kalilu ya gada, don duk gidansu dogaye ne, maza da mata. Ƙirji ma da aka auna ya kai. Amma da Sufeto ya daka masa tsawa ya tambayi sunansa, sai ya buɗe baki ya ce, "Lafiya lau." Aka tuntsure da dariya, aka sallame shi.

Yayarsa Barakatu, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, mai sayar da tuwo ce a tashar mota. Ba abin da ba ta gwada ba. Ta karɓo masa rubutu ya sha. Ta soya masa zuciyar bijimi ya ci. Ta tura shi mararrabar hanya ya koyi ba da hannu. Ya yi ta maza ya tsayar da wani mai Vespa, amma da mutumin ya cire tabarau ya harare shi, sai Kalilu ya ba shi haƙuri, ya tura masa babur ɗin har ya tashi.

Ko ragon da Barakatu take turkawa don layya ya raina shi. Mugun rago ne, ba ya bin kowa sai mai ba shi dusa. Sau da yawa ya kora Kalilu kan katanga.

Ana nan sai labari ya zo cewa za a sake ɗaukar kurata ranar Litinin. Ana gobe, ranar kasuwar Mai'adua, unguwa ta watse. Barakatu ta ce za ta je suna Baure, ta ja masa kunne a kan ragon, ta fita.

Da rana tsaka Kalilu yana gyangyaɗi a gindin darbejiya sai ya ji tari. Ya gyara kwanciya. Aka sake yin tari da ƙarfi. Yana buɗe ido ya ga wani zanƙalelen mutum cikin babbar riga, ya naɗe fuska da baƙin rawani irin na Buzaye, yana kwance ragon. Ragon kuwa ya bi shi salun-alun.

Kalilu ya rarrafa ya laɓe bayan rumbu. Ɓarawon bai yi sauri ba. Ya ja ragon zuwa zaure, ya tsaya, ya waiwayo, ya ɗan jira, sannan ya ci gaba.

A nan Kalilu ya auna abu biyu: wuƙar da wataƙila ke cikin rigar ɓarawo, da kuma fuskar Yaya Barakatu in ta dawo ta tarar da turke ba rago. Na biyun ya fi ba shi tsoro. Bai san lokacin da wata murya ta fito daga cikinsa ba.

"Kai! Tsaya nan!"

Kaji suka tarwatse, ƙadangare ya faɗo daga katanga. Ɓarawo ya saki igiya ya zura. Wani irin gudu yake yi, ƙafafu a ware kamar na agwagwa, hannun dama yana kewaya iska. Kalilu ya dafa masa baya yana ruri. Ɓarawon ya zame a kwata, ya miƙe, ya shige lungu ya ɓace. Kalilu ya jawo ragon gida, ragon ya saka masa da tunkuyi, amma ko gezau bai yi ba.

Da la'asar Barakatu ta dawo tana ɗingishi, ta ce wajen saukowa daga mota ta gurɗe. Da ta ji labari ta rangaɗa guɗa, ta fita da ɗingishinta gida-gida. Kafin magariba ɓarawo ya zama gungun 'yan fashi masu takubba, kuma shi kansa Kalilu ya fara tuna takubban.

Ranar Litinin Sufeton nan ne dai. Ya daka tsawa ya tambayi suna. Kalilu ya amsa da muryar da ta sa sandar Sufeto ta suɓuce daga hammatarsa. Aka tambaye shi ko ya taɓa yin wani abin jarumta, ya kwashe labari ya faɗa, har ya kwaikwayi gudun ɓarawon. Sufeto ya jinjina kai, ya ce ɗan sandan ƙwarai ba ya manta tafiyar mai laifi, ko da ya ɓoye fuska. Aka ɗauke shi.

Ranar tafiya Kaduna, kurata suka cika bayan babbar mota a tasha. Barakatu, wadda ƙafarta ta warke, ta yi masa addu'a tana share hawaye da bakin mayafi. Kalilu ya leƙo ya yi mata alkawari cewa yana dawowa da kaki, aikinsa na farko shi ne kamo mata ɓarawon nan, ko a ina yake. Ta ce ya bar shi da Allah. Ya ce ai hukuma ba ta yafiya.

Mota ta tashi. Ba su kai bakin tasha ba ya ji ana ƙwala masa kira, ashe ya manta guzurinsa. Ya waiwaya, ya ƙura ido. Ga ɓarawon rago nan yana bin mota a guje, ƙafafu a ware, hannun dama yana kewaya iska kamar mai tuƙin tuwo, sanye da zanen Yaya Barakatu, da ƙunshin dambu a ka.