Ƙwan da Ya Taso Saman Ruwa

A'a, Malama Suwaiba, ni ina na san inda za ki ja layi? Karatuna bai wuce aji huɗu ba, aikina a makarantar nan wanke wa ƙananan yara hannu ne da raka su bayan gida. Amma dai na ji abin da kika ce. Kin gaya wa kwamfutar duk wanda ya ci maki saba'in ta shafa masa kore, na tsakiya ruwan ɗorawa, wanda bai kai arba'in ba ja, kuma na ja ba za su wuce aji na gaba ba. Ga Naja'atu ta ci talatin da takwas, yarinyar nan da aka kawo daga ƙauye bana, wadda ke zama ita kaɗai a gindin darbejiya in an fita cin abinci. Shi ne hannunki ya ƙi dannawa. To zauna nan kusa da ni, in ba ki wani misali, ki yi yadda kika ga dama da shi.

An yi wata mata a ƙarshen wani gari, sana'arta sarin ƙwan zabi. In Fulani suka kawo mata da damina, sai ta ajiye kwano cike da ruwa, ta jera ƙwarya uku a gabanta. Ƙwan da ya nutse ya kwanta, sabo ne, ƙwaryar dama. Wanda ya nutse amma ya tsaya a tsaye, ya kwana biyu, a dafa shi yau, ƙwaryar tsakiya. Wanda ya taso sama kuwa bara-gurbi ne, ya ruɓe, ƙwaryar hagu, daga nan sai juji. Shekara talatin tana haka, ba wanda ya taɓa dawo mata da ƙwai ya ce ta cuce shi. Mijinta ya rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, gida mai ɗaki huɗu ya rage daga ita sai wata kaza wake-wake. Da kazar nan take hira. In ta zauna cin tuwo sai ta gutsura ta jefa mata, tana ba ta labarin wanda ta gani a kasuwa da wanda aka ce ya rasu. Ana nan sai kazar ta yi kwanci a kan ƙwai bakwai. Matar ta riƙa ƙirga kwanaki, tana cewa ko ba komai tsakar gidan nan za ta sake jin hayaniya. Saura kwana biyu ko uku a ƙyanƙyashe, ta fito da safe ta tarar muzuru ya shiga akurki. Gashin kazar kawai ya bar mata, sai ƙwan nan bakwai, ba wanda ya fashe, har da sauran ɗuminsu.

To akwai maƙwabciyarta da ita ma kazarta ke kwanci, in an kai ƙwan an tura wa kazar a ƙarƙashi za ta rungume su. Sai dai matar nan ba za ta ɗauki ƙwan da ba ta gwada ba ta shiga da shi gidan mutane, ita da aka sani. Ta ɗebo ruwa a kwanon nan nata, ta saka su ɗaya bayan ɗaya. Duka bakwai suka taso. Kafin ta yi wani tunani hannunta ya riga ya kwashe su ya zuba a ƙwaryar hagu, don abin da ya saba ke nan. Ta kai juji ta kifar, ta ji sun farfashe, ta juya za ta tafi. Abin da ya tsayar da ita, ba ta ji wari ba, alhali bara-gurbi in ya fashe unguwa ma sai ta sani. Ta sunkuya ta duba. 'Yan tsaki ne, a jiƙe, gashinsu ya gama fitowa, ɗaya ma yana buɗe baki. Ta ɗauke shi a tafin hannu tana hura masa iska, ta ƙunshe shi a bakin zani. Bai kai azahar ba. Ta share gashin kazar daga akurki, ta kife kwanon, ta zauna a ƙofar ɗaki, ba ko mai tambayarta me ya faru.

Kin ga, ruwan bai yi mata ƙarya ba. Ƙwai in ya ruɓe yakan yi sauƙi ya taso, in ɗan tsako ya kusa fita ma haka yake yi. Bambancinsu ɗaya ne: in aka bar ruwan ya kwanta, mai rai za ka ga yana ɗan girgiza da kansa. Kuma ta san da haka. Ba ta taɓa bukatar jira ba ne a duk shekarun nan, sai ranar nan, ranar kuma ba ta jira ba.

Ni ban ce ki goge layin ba, Malama. Yara ɗari uku ba sa rabuwa sai da ƙwarya. Talatin da takwas ɗin ma gaskiya ne, na'ura ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Amma iyakar abin da ta sani shi ne yarinyar ta taso sama, ba ta san dalili ba. Ki kira ta ku biyu kawai, ki buɗe mata littafi, kada ki gaggauta ta. Wataƙila ki ga lallai sai ta maimaita, ba abin kunya ba ne. Wataƙila kuma ki ga motsi. Magabata dai sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Yi mini haƙuri, ga 'yan ajin ƙasa can sun yi layi a bakin randa, in na ƙara minti ɗaya sai sun jiƙe rigunansu.