Ƙusa a Bayan Kunkuruna

A Malisa na tsinci kunkurun, cikin gonar da aka cinna wa wuta, na kawo shi gida a zanena. Kullum ina ba shi ganyen wake da ruwa a kasko.

Wata rana da la'asar Baffa, ƙanen mahaifina, ya gasa ƙusa zai huda ƙoƙon bayansa ya ɗaura igiya, wai kada ya ɓata.

Na ce, "Baffa, zai ji zafi!"

Ya ce, "Ke, kauce. Wannan ai dutse ne."

Ƙauri ya tashi kamar na ƙonannen ƙaho, sai ga jini. Baffa ya goge da yatsa, ya zura igiyarsa. Har yau haushin bai sake ni ba: ya ga jinin sarai, amma ko kallona bai yi ba.