Aska Mai Ƙotar Ƙaho

Ta ɗora askar a tafin hannun mijinta, ta ja baya tana kallon fuskarsa.

Ita ta sayar da askar, shekarar da ciwon mantuwa ya kama shi aka rufe shagon askinsa. Da ya daina gane ta, ya koma kiranta "baiwar Allah", sai ta shiga neman askar. Babu shagon tsofaffin kaya a birninsu na Salonika da ba ta leƙa ba.

"Inna, aska ai aska ce, ɗauki wannan," in ji masu shago.

Ita kuwa mai ƙotar ƙaho take so, wadda aka yi masa askin ango da ita. A gwanjon intanet ta same ta daga ƙarshe. Sai da ta goga bakinta a dutsen ƙofa, kada ya yanke kansa.

Yatsun da suka manta riƙon cokali suka buɗe askar nan take. Ya shafa bakin da babban yatsa, ya ɓata rai.

"Wane marar imani ne ya dakusar da ita? Da ita fa aka yi min aski ranar aurena!"

"Ni ka aura ranar," ta ce. "Dube ni da kyau."

Ya dube ta da kyau, cikin ladabin mai shago.

"Yi haƙuri, baiwar Allah, ba na yi wa mata aski. Ki jira mijinki a waje."

Ta ɗauki kujera ta fita.