Mai Cin Talatin

Shekara bakwai Baballe ya yi a Texas, ya dawo ya tarar Doha ba ta jira shi ba. Jirgin ƙasa na bi ta ƙarƙashin unguwar Mansura. Shagon shawarmar da suke zuwa bayan Juma'a ya koma na gyaran waya. Abba ya yi furfura har a gira, Umma ta fara sa tabarau. Ikhlas kuwa, ƙanwar da ya bari tana kuka a kan alawa, ita ta ɗauko shi daga filin jirgi, tana tuƙi da hannu ɗaya. A kujerar baya ya ga wani ƙaton abin toshe kunne, ya ture shi gefe don ya ajiye jaka, yana cewa yaran yanzu dai da son kiɗa.

Sauyi ɗaya ne ya tsaya masa a wuya. Ya wuce shekarun zama a ƙarƙashin iƙamar Abba, wato takardar izinin zamansa a ƙasar. Bizar ziyara ce a hannunsa, ta kwana talatin: ko ya samu aiki da kafil, wanda zai tsaya masa ya zauna, ko ya sake kama hanya.

A kwana na tara Ikhlas ta ajiye masa wata takarda kusa da kofin shayi. Wani kulob na wasan harbi a bayan gari yana neman mataimakin mai koyarwa. Za su sayi ƙananan bindigogi marasa nauyi don sababbin shiga, masu cin siririn harsashin nan na magnam da ake bugawa a gefen gindi. Mai son aikin zai gwada guda uku, ya faɗi wadda ta fi.

Baballe ya yi dariya har da buga cinya. Shi da ya yi wata huɗu a shagon kayan farauta a Texas? Bai dai ce aikinsa a can goge gilashin da bindigogin ke ciki ba ne.

Da aka zauna cin abinci a gidansu na Mesaimeer, ya buɗe makaranta. Libarba mai cin bakwai ba ta cijewa, in ji shi, amma kunamarta tauri gare ta, sai ka ja kamar mai jan guga. Bajamushiya mai cin sha biyar tana zama daram a hannu, sai dai tsada. Ta ukun ita ce sarauniya: jikin roba, ba nauyi, ga araha, ga harsashi talatin a ciki.

Ikhlas na gefe tana jera dabino a wani dogon gwangwani. Ta zuba kaɗan, ta bubbuga gindinsa a tafin hannu, ta ƙara zubawa.

"Yaya, ka taɓa loda ta kuwa? An ce tana da ƙa'ida."

"An ce! Wa ya ce? Ke dai miƙo mana miya."

Ta miƙo miya.

Ranar gwaji ta riga shi fita, wai aiki ya kira ta. Tun dawowarsa bai taɓa tambayar wane aiki take yi ba. Ya hau tasi, ya sha turare.

Manajan kulob ɗin, wani ɗan Sudan mai suna Abdul-Razak, ya tare shi a ƙofa. "Yalla, mu je, Kaftin na jira." Haka ake kiran mai koyarwa a nan. Baballe ya zaci ƙato zai gani. Sai ga mace cikin niƙabi da safar hannu da tabarau ruwan ɗorawa, kunnuwa a toshe. Da yatsa ta nuna masa tebur, ta nuna takardar saiti can gaba.

Libarba ta fara ba shi kunya. Wutar da ta feso daga gajeren bakinta ta sa ya runtse ido, harsashi uku suka tafi yawon duniya. Bajamushiya ta ɗan rufa masa asiri. Da ya zo kan sarauniyarsa sai ya saki murmushi, ya danna harsasai talatin a gidansu cikin sauri, kamar mai cusa kaya a buhu.

Harbi na uku ta cije. Ya gyara, ya harba biyu, ta sake cijewa. Gumi ya keto masa duk da sanyin na'ura. Ya juyo zai yi ƙorafi, bindiga a hannu, bakinta na bin juyinsa. Kafin ya ƙifta ido hannun Kaftin ya cafke wuyan hannunsa, ya mayar da bakin bindigar gaba.

Ta karɓa, ta zazzage harsasan. Ta jera biyar, ta bubbuga a tafin hannu. Biyar, ta bubbuga. Sannan ta ɗaga hannu ɗaya ta sauke talatin ɗin ba tsayawa, duka a wurin da bai fi bakin kofin shayi ba.

"Khalas, shi ke nan, habibi," in ji Abdul-Razak, yana dafa masa kafaɗa har ƙofa.

A gida Baballe ya ce wurin ya yi nisa, shi ya fasa. Bai gaya wa kowa abin da ya faru ba. Abba ya dube shi ta saman jarida, ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Dama ƙafar Baballe ta fara ƙaiƙayin tafiya, kuma wani abokinsa a Istanbul ya ce akwai katifa.

Ana saura kwana biyu biza ta ƙare, yana durƙushe yana kokawa da zif ɗin jaka, Ikhlas ta shigo da rigunansa a goge da gwangwanin dabino. Ta tura gwangwanin a lungun jakar, ta zauna a kai har zif ya rufe.

"Bayan wata shida za su sake ɗauka," ta ce. "Ka je ka koya da gaske, Yaya. Biyar-biyar ake jera wa sarauniyar taka harsashi, a bubbuga. Kuma don Allah kada ka sake juyo mini da bakin bindiga, hannuna har yau ciwo yake."