Layin Iyatu

Harouna ya tattara kaset-kaset ɗin wasan bidiyo da yake sayarwa a titin Canal Street, ya naɗe teburinsa, don ya yanke shawarar barin sana'ar. Shekara biyar yana kallon Amurkawa suna layi gaban maƙwabciyarsa Iyatu, mai shayin rage ƙiba, shi kuwa sai ɗaiɗaiku. Abin ya ci masa rai.

Iyatu ta bar layinta, ta zo tana roƙonsa kada ya tafi. Ya ɗauka tausayi ne.

Ta ce, "Malam, duk wanda ya sayi wasanka sai ya zauna wata shida ba motsi, ya ajiye tumbi, sannan ya zo wurina. In ka tafi, wa zai kiwata mini su?"

Harouna ya dubi layin, ya gane fuskoki da yawa.

Ya ce, "Ashe ke nake kiwata wa su! Ba zan sake buɗewa ba."