Gwangwanin Rediyon Baba

"Kada ki ce uffan sai na gama," in ji maigidana, yana hura ƙarfen liƙi kamar mai shirin yin kaciya.

Tsohuwar rediyon Babana ce ta daina kama tasha. Maigidana ya ce matsalar tana cikin wani ɗan gwangwani da aka liƙe bakinsa da dalma, wai shi osileta. Masu gyara sun ce sai dai a fasa. Shi kuwa ya yi wa Baba alkawarin zai buɗe ba ko ƙwarzane.

Ya bi gefen murfin da zafi kaɗan-kaɗan, zaren tagulla yana tsotse dalmar. Ya sa tsinin wuƙa, murfin ya ɗago lafiya lau. Ya zaro wani ɗan ƙarau mai ƙafa biyu.

"Wannan ne ran rediyon. Riƙe min."

Na riƙe. Ya goge tsatsa, ya gyara wayar da ta tsinke, ya mayar da murfi. Na buɗe baki.

"Me na ce miki?"

Na rufe bakina. Ya zagaye murfin da sabuwar dalma, sumul, ko iska ba za ta shiga ba. Ya share gumi, ya gyara zama.

"Ko kamfanin da ya ƙera ta sai haka. To, yanzu yi maganarki."

Na buɗe tafin hannuna.

"Ranka ya daɗe, ran rediyon fa?"

Sai ga sallamar Baba a ƙofa.