Sanƙon Gansakuka

"Ina gansakukata?" in ji Dakta, tana duban kwanukan gilashinta.

Shekara tara ta yi kafin ta gano ƙwayar gadon da ke sa gansakuka fitar da ganye. Ta kashe ƙwayar, tsiron ya tashi tsirara. Hujjarta ke nan.

Yau kwanukan cike suke da ganye, kore shar.

"Haba Dakta," in ji shugaban cibiyar binciken, "wancan sanƙon za mu nuna wa manyan baƙi? Na sa an zubar. Wannan daga bangon banɗaki aka kankaro."

Kafin ta buɗe baki, baƙin suka shigo, suka leƙa, suka ɗau tafi.

"Kai, kimiyya!" in ji babbansu. "Sai ka rantse ba mutum ne ya yi ba."